Mai Aro Ba Ya Dasa Itace

Surukina ya rasu a ƙarshen sanyin bana, a gidanmu na can saman bene a unguwar Minguettes, a gefen Lyon, kuma mutanenmu sun zo ta'aziyya ba su san abin da za su ce ba. Ina zaune a kan tabarma ina kallonsu suna shigowa. Mutum zai tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya miƙo mini hannu, ya fara da "Allah ya ji…" sai ya tuna mamacin Kirista ne, ya haɗiye sauran, ya ce, "Allah ya ba da haƙuri." Haƙuri kam na sha shi a makon nan har ya gundure ni.

Wani malami mai ƙuruciya, wanda bai taɓa sa mamacin a ido ba, ya ja ni gefe ya tuna mini cewa ba a roƙa wa irinsa rahama. Na ce na gode, ko da yake ban tambaya ba. Wani abokin aikina a sito ya ce, "Ashe tsohon Angale ya tahi." Da tsohon yana da rai da ya bi shi da sanda. Shi mutumin Ailan ne, tsibirin da ke bayan Ingila, kuma ba abin da ya ƙi jini kamar a ce masa Angale, wato mutumin Ingila, domin Angale ne suka ci ƙasar kakanninsa suka mayar da su 'yan haya a gonakinsu. Na yi shekaru ina gyara wa mutanenmu wannan, a banza. A wajensu duk Baturen da Faransancinsa ya karkace Angale ne.

Kawuna Alhaji, ƙanen mahaifiyata da ke kasuwanci a Aubervilliers, shi ne ya hau jirgin ƙasa daga Paris ya zo. Ya zauna, sannan ya ce, "Sauke-mu-raba ya tahi. To, Allah ya san bayinai." Duk cikin masu gaisuwa shi kaɗai ya faɗi abin da ya shiga kunnena.

Daga ƙasar mamacin kuwa ba wanda ya zo. Mutumin da ya yi zaman kurkuku saboda manoma, ya wakilce su a majalisa, ya sa aka yanka manyan filayen kiwo aka raba musu, ko mutum ɗaya bai hau jirgi dominsa ba. Abin da ya iso shi ne damin furanni daga tsohuwar jam'iyyarsa, ɗaure da koren ƙyalle, shi ma sai bayan an gama binnewa. Matata ta karɓa a bakin ƙofa ta jefa a kwandon shara. Ni na ciro, ba don darajar masu aikowa ba, sai don kada maƙwabta su gani.

Abin da ke cin raina shi ne wannan. Amana ɗaya tak ya bar mini, cewa kada in bari a kwantar da shi a ƙasar haya. A ƙasar haya yake kwance yanzu.

Ba zan rubuta sunansa ba, domin ba a kama sunan suruki. Matata ta ce wannan shi ne ƙarshen rashin sa'ar ubanta: waɗanda ya kamata su ambaci sunansa sun manta da shi, wanda ya tuna kuma kunya ta hana shi faɗa. Tana da gaskiya, amma ban iya ba. Baba nake ce masa yana da rai, Baba zan ce masa a nan.

Ni mutumin Maradi ne. Na zo Lyon neman abinci, na kama aikin tura kaya a wani sito a Vénissieux, ƙarfe ya yanke ni a hannu, ma'aikaciyar jinyar da ta ɗinke ni a lopital ta zama uwar 'ya'yana. Ubanta bai zo ɗaurin aure ba. Na ɗauka launin fatata ne, sai ta ce in kwantar da hankali, ko aurenta da sarkin duniya ne ba zai zo ba in akwai taron manoma a ranar. Sai a farkon shekarun tamanin ɗin nan ya iso gidanmu, a bazarar da samarin unguwa suke ƙona motoci, da akwati ɗaya da sanda da hular ulu, ya tsufa, ba shi da wani wurin zuwa.

Rigimarmu ta fara tun a bakin ƙofa. Na tuɓe takalmi, na durƙusa, na sunkuyar da kai na gaishe shi kamar yadda aka koya mini. In ya shigo falo sai in fita. In an kawo abinci sai in ɗauki nawa in shiga kicin. Bayan 'yan kwanaki ya kira 'yarsa ya ce, a gabana, "Gaya wa mijinki ya tashi tsaye. Haka kakana yake durƙusa wa wakilin mai ƙasa. Na ƙarar da rayuwata ina koya wa maza kada su cire wa kowa hula, yanzu ga wani yana rarrafe a gabana a gidansa."

Ta yi masa bayani cewa a wurinmu girmamawa ce, mutum ba ya haɗa ido da uban matarsa, ba ya cin abinci a gabansa. Ya ce girmamawar da ke sa namiji ya ci abinci a tsaye kusa da bokitin shara shi ba ya so. Ni kuma na ce ba zan zubar da tarbiyyar gidanmu don wani tsoho bai gane ta ba. Ba wanda ya sauka a cikinmu. Na ci gaba da durƙusawa, ya ci gaba da ƙwanƙwasa sanda a ƙasa yana cewa in tashi, har abin ya zama gaisuwarmu ta safe.

Mutum ne mai wuyar sha'ani. Shayin Faransa a wajensa ruwan wanke kofi ne. Bai iya cewa na gode ba, sai dai ya ce, "Ba laifi." Ko lambu za shi sai ya ɗaura taye. Kuma duk inda ya ga ƙasa a buɗe, ko da gadon furannin gaban meri ne, wato ofishin magajin gari, sai ya sunkuya ya ɗebo, ya murza a tsakanin yatsu, ya sansana, ya yanke mata hukunci. Yatsunsa biyu na dama a tanƙware suke tun daga kulkin ɗan sanda, da su yake murzawa.

Labarin aikinsa a gutsure na same shi, a kan bencin da ke gaban benenmu, da Faransancinsa gurgu da nawa gurgu muna jingina da juna. Ya ce lokacin da ya tasa Angale sun riga sun tafi, amma ƙasa mai kyau ba ta dawo hannun talaka ba. Ta koma hannun manyan masu kiwo, 'yan ƙasa, waɗanda suke zuwa coci ɗaya da su. Shanu suna kwance a fadama, mutane suna tonon duwatsu a kan tudu, 'ya'yansu suna hawa jirgin ruwa suna barin ƙasar. Wannan ban bukaci a fassara mini ba, mu ma mun ga an sauya tuta. Yana yawan cewa, "Saniya ba ta jefa ƙuri'a, amma ta fi mutum wakilai a majalisa."

Wata ranar kasuwa ya tara maza da dawakai da garmuna. Da rana tsaka, kowa yana gani, suka buɗe shingen wani attajiri, suka koro shanunsa kan hanya, suka shiga huɗa filin. Shi ya riƙe garmar farko. Aka karya masa yatsu, aka ɗaure shi, da ya fito manoma suka ɗauke shi a kafaɗa har gida, zaɓe na zuwa suka yi shi depite, ɗan majalisa. Ya yi shekaru a majalisa yana magana ɗaya, a yanka a raba, har gwamnati ta gaji da shi ta fara rabawa a yankinsa. In ya zo nan a labarin sai murya ta buɗe, ya fara lissafa gidajen da suka samu, da wanda ya samu gefen rafi da wanda ya samu mai dutse.

Sauran labarin ba ya son faɗa, daga bakin 'yarsa na ji. Da manoman suka samu gonaki suka kafa shinge, suka sayi tarakta, suka fara kallon marasa gona yadda aka kalle su a da. Shi kuwa bai iya tsayawa ba. Ya ce a ci gaba da rabo har 'yan ƙwadagon da ba su da ko taki ɗaya. Nan suka ga yanzu nasu za a taɓa, sai suka kayar da shi suka zaɓi mai alkawarin kwalta. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Sau ɗaya na ji ya taɓo zancen da kansa, ya ce, "Manomi mai yunwa ɗan'uwanka ne. In ya ƙoshi maƙwabci ne."

Kada a ce na mayar da shi waliyyi. Matata tana kiransa inuwar giginya, da kalmar da ni na koya mata, kuma ba da wasa take faɗa ba. Uwarta ita kaɗai take tatsar shanu, ita kaɗai ta haihu yana can wajen taro. Yayanta an cire shi daga makaranta yana yaro don ya riƙe gonar gida uban yana yawon gyara gonakin wasu. Ranar da aka sa wa yayan hannu gonar ta zama tasa, ya sayar da ita ga mai kiwo mafi girma a yankin, ya haye Ingila. Abin da ya kawo Baba gidanmu ke nan.

A kan bencin nan ne muka yi babbar rigimarmu. Wata rana ya tambaye ni, "Ubanka yana da gona?"

Na ce, "Yana noma gona."

"Ban tambaye ka ko yana noma ba. Tasa ce?"

Na ce, "Aro ce, Baba." Na faɗi kalmar da Hausa don ban san ta da Faransanci ba, sannan na yi masa bayani. Maigari ya ba kakana. Ba a biyan haya, sai ɗan damin gero da kaka don a tuna da mai ita. Mai aro yana shuka gero da wake da gyaɗa, ɗansa ma ya shuka bayansa, amma ba ya haƙa rijiya, ba ya dasa itace. Itace shaida ne. Wanda ya dasa ya ce ƙasar tasa ce, kuma wannan rashin kunya ne ga wanda ya yi maka alheri.

Ya ce, "Akwai itace a gonar?"

"Akwai gawo da ya fito da kansa."

"Wanda ubanka ya dasa da hannunsa."

"Babu."

Ya buga sanda a ƙasa ya ce, "To ubanka baƙo ne a inda ya tsufa."

Ranar ce na fara ɗaga ido na kalle shi. Na ce a wurinmu akwai mutunci, ba a korar mutum daga inda kakansa ya yi gumi, ƙasa ta Allah ce ba ta kowa ba. Ya ce, "Haka kowane mai ƙasa yake faɗa. Ta Allah ce, amma makullin yana aljihunsa." Na tashi na bar shi a nan. Muka yi makonni ba abin da ke haɗa mu sai durƙusawa da ƙwanƙwasa sanda.

Kalmar kuwa ya riƙe ta. Cikin Hausa duka ita da "sannu" kaɗai ya koya, ya mayar da ita zagi. Murmushin ɗan siyasa a talabijin, aro. Haƙoransa na roba, aro. Ranar da muka tsaya cikin jama'a muna kallon an sa wa wani dogon bene na unguwarmu nakiya ya durƙushe, mutanen da suka yi shekaru a ciki suna share hawaye, ya juyo ya ce mini, "Aro."

A bayan layin dogo akwai lambunan ma'aikata, filin wata masana'anta da ta ba mutane su shuka kayan miya. Matata ta samar masa yanki ɗaya don ya bar mu mu huta. Shugaban lambun ya karanta masa doka: ganye da dankali da tumatir, e, itace kuwa a'a. Baba ya sa aka maimaita masa, ya yi dariya har da tari. Mako na zagayowa ya dasa tuffa a tsakiyar yankinsa. Aka yi masa magana ya ce ba ya jin Faransanci.

A shekarar farin nan da ya cinye dabbobi a gida mahaifina ya rasu. Ba a yi faɗa ba, ba a ɗaga murya ba. Ɗan maigari ya zo ya yi wa mahaifiyata ta'aziyya da ladabi, ya ce gonar ta gaji, a bar ta ta huta. Da ruwa ya dawo wani ɗan kasuwa daga birni ne ya shuka ta. Ƙannena suka kai ƙara aka tambaye su shaida, ba su da abin nunawa sai gawon da ya fito da kansa.

Na jira Baba ya ce ai na gaya maka. Da ni ne da na faɗa. Bai ce ba. Ran Lahadi ya ƙwanƙwasa sanda ya ce in biyo shi, muka hau bas muka je lambu. Ya tsaya a tsakiya, ya ja layi da sanda daga gindin tuffar har bakin wayar shinge, ya ce, "Daga nan zuwa can naka ne. Ba aro ba."

Na ce, "Baba, ai ku ma aro aka ba ku."

Ya ce, "Na sani. Abin da ke hannuna na raba."

Sannan ya tono dankali ya dafa a gwangwani a kan 'yar wuta, ya barbaɗa gishiri, ya miƙo mini. Yunwa nake ji, zuciyata kuma ta yi nauyin da ba zan iya ƙi ba, amma ban iya ci yana kallo ba. Sai na juya masa baya. Na ji ya yi tsaki, na ji ya ja akwatin da yake zaune a kai, sai na ji bayansa ya jingina da nawa. Haka muka ci, shi yana kallon layin dogo ni ina kallon wayar shinge. Daga ranar kowace Lahadi haka muke ci. Mutanen lambu sun ɗauka gaba muke yi.

Sau ɗaya na raka shi Paris. Ya ji cewa wani babban mutum daga ƙasarsa zai zo taro, ɗan wani manomi da Baba ya samar wa gona a gefen rafi. Ya goge takalmi, ya sa tayen da ya fi so. Muka zauna a zauren otal tun hantsi har azahar ta wuce. Da mutumin ya sauko da masu riƙe masa jaka, Baba ya miƙe ya faɗi sunansa. Mutumin ya tsaya ya ce, "Kai ne? Ai na zaci ka…" sai ya kama bakinsa, ya dafa masa kafaɗa, ya kira mai hoto. Baba ba kuɗi ya je nema ba, ba muƙami ba. Tambaya ɗaya ya yi, ko magudanar da suka haƙa a gonar gefen rafi tana nan tana aiki. Mutumin ya yi dariya ya ce, "Ai mun sayar tuntuni, tsoho. Wa ke noma yanzu?" Ya duba agogo ya wuce. Da harshensu suka yi maganar, matata ce ta fassara mini daga baya, da Baba ya ba ta labari. A lokacin abin da na gani kawai shi ne Baba ya cire hularsa don a ɗauki hoton, ya tsaya riƙe da ita bayan kowa ya watse.

Na kai shi wajen kawu a Aubervilliers don ya ci abinci. Kawu ya shimfiɗa masa darduma a tsakanin kwalaye, ya sa aka kawo shinkafa da miya. Kafin a zuba, Baba ya riga ya tare masu sauke kaya yana tambayarsu na wane ne sitocin nan duka, su kuma me suke da shi a ciki. Kawu ya kalle ni ya ce, "Kai ɗana, surukinka wanga mi shika nema? Gyara kayanka ne ko sauke mu raba?" Na fassara masa karin maganar da ƙyar. Ya yi dariyar da ban taɓa jin ya yi ba, ya ce, "Gaya masa na biyun." Daga nan sunan ya bi shi, kuma na lura ya fi son sa a kan duk wani laƙabin da aka ba shi a majalisa.

Bara masana'antar ta karɓi filinta. An ba mu sanarwa da ladabi, su ma. Kafin katafila ta zo Baba ya durƙusa a gindin tuffar, wadda ta fara 'ya'ya ke nan, ya tono wani ɗan tsiro da ya fito daga saiwarta, ya sa a bokitin ƙarfe da ƙasar lambun, ya rungume shi a cikin bas har gida. Ya ajiye shi a barandarmu can sama, inda iska ke kaɗa shi. A kan lambun aka gina sito, kuma kamfanin da nake wa aiki ne ya kama haya. Yau a kan dankalinmu nake tura kaya.

Bai ƙara lafiya ba bayan wannan. Wata la'asar yana kwance kusa da taga, 'yarsa tana wajen aiki, ya kira ni da sunan da yake kirana, sunan garinmu. Ya ce, "Maradi, na ji a ƙasar nan har kabari haya ne. Kada ka bari su sa ni a aro. Ka mayar da ni tudunmu, kusa da uwar yaran."

Na ce, "In sha Allahu, Baba."

Ya ce, "Ban yarda da kalmar nan ba. Kana faɗarta duk lokacin da ba ka da tabbas."

Allah ya sani na yi ƙoƙari. Mutanenmu suna da asusun mayar da gawa gida, kawu ya tsaya a gaban 'yan kasuwa ya ce surukin ɗansa nasu ne. Wasu suka yi gunaguni, amma aka yarda, har da masu ce masa Angale. Jirgi ya samu, wurin sauka ne babu. Kabarin gidansu yana hannun yayan matata. Ta buga masa waya tana kuka, ya ce, "Waɗanda ya ba ƙasa su ba shi inda zai kwanta," ya ajiye. Ta buga wa ofishin jam'iyya aka ce za a duba. Ta buga wa cocin ƙauyensu ta samu sabon fada wanda bai taɓa jin sunan ba, ya ce sai da yardar babban ɗa. Gawa kuwa ba ta jira, dokar ƙasar nan ma ba ta bari ta jira.

Muka je meri. Matar da ke kan tebur mai kirki ce, har ta kawo wa matata ruwa. Ta ce, "Shekara talatin. In lokaci ya cika iyali su sabunta. In ba su sabunta ba a kwashe a ba wani."

Na ce, "Babu na har abada?"

Ta ce a maƙabartarmu an daina bayarwa. Matata ta sa hannu. Na tsaya a bayanta ina jin muryarsa yana faɗin kalmarsa.

Ranar binnewa fada Bafaranshe ya yi tuntuɓe a kan sunan har sau biyu. Kiristocin da suka zo ba su wuce 'yan uwan aikin matata ba. Mutanenmu ne suka cika wurin, sun ja baya sun jeru a jikin katanga da hulunansu, ba su san abin da ake karantawa ba, amma ba wanda ya tafi sai da aka rufe. Na ɗebo ƙasar kabarin na murza. Yumɓu ne mai sanyi, da Baba yana nan da ya ce ƙasar ba ta da kirki.

Da aka kwana biyu na ɗauki bokitin daga baranda na je na dasa tuffar a wajen kansa. Da na koma na tarar an tumɓuke ta an mayar cikin bokitin, an ma ba ta ruwa. Mai gadin ya zo ya yi mini bayani a hankali. Ya ce, "Tukunya a sama, ba laifi. A cikin ƙasa, a'a. Saiwa tana yaɗuwa, wurin kuma ba naku ba ne har abada."

Na yi dariya, mutumin ya tsorata. Na tsallake hamada da teku, na tsufa a sitocin Turawa, ashe dokar maigarinmu tana nan tana jirana a maƙabartar Vénissieux, da hular gadi a kanta. Ubana ya bi dokar nan duk rayuwarsa da ladabi, aka saka masa da ladabi. Baba ya taka ta duk rayuwarsa, ga inda ta kwantar da shi. Ana cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Ni na ga inda ya faɗi, kuma ƙasar ma ba tasa ba ce.

Na ɗauki bokitin na tafi da shi wajen aiki. Da hutun rana na ari guduma da kurfi, na kifa shi a hankali ina tallafe da ƙasar, na fasa gindinsa na cire ɗungurum. Na koma maƙabarta na sassauta ƙasar wajen kansa, na ɗora bokitin, na danna shi ya zauna, na kewaye shi da tsakuwa. Mai gadin ya wuce ya duba, ya ɗaga mini hannu ya ce, "Kun gani? Haka ya fi kyau." Na ce lalle ya fi.

Malamai sun ce kada in roƙa masa rahama, ban roƙa ba. Abin da nake cewa in na je, bayan na tuɓe takalmi na durƙusa, ba kuma mai ƙwanƙwasa mini sanda, shi ne Mai ƙasa na gaskiya ya san wanda ke kwance a nan da abin da ya raba wa bayinsa.

Tuffar ta yi ganye da bazara. Ran Lahadin da ta wuce na kama bokitin da hannu biyu na gwada ɗagawa, ya ƙi. Shekara talatin ɗinsu za ta cika, wataƙila ba na nan, wataƙila jikokinsa sun watse ba mai sabuntawa. Duk wanda aka aiko ya kwashe shi, ya taho da gatari.